Chindo Mai Hatimi da Ajiyar Mutumin Japan

Wanda ya saba sauka a tashar motar Birnin Konni a shekarun 1980 zai tuna rumfar Chindo mai hatimi, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Rumfa ce ta zana, jingine da bangon wani mai gyaran taya, da ɗan teburin da ƙafarsa ɗaya ke tsaye bisa dutse. A nan Chindo ke wuni da wuƙaƙensa masu bakin tsinke, yana sassaƙa sunayen mutane a juye a kan guntun roba. 'Yan kasuwa, ƙungiyar direbobi, shugabannin samariya, duk wanda ke son sunansa ya hau takarda da tawada, wurinsa yake zuwa.

A wani ƙauye kusa da Illela aka haife shi. Ubansa masassaƙi ne, mai turmi da kujerar mata, kuma a hannunsa Chindo ya koyi riƙon wuƙa. Ya ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, gwargwadon ya karanta Faransanci ya rubuta, kafin fari ya kore shi zuwa Malbaza ɗaukar buhunan siminti. Tari ne ya raba shi da wannan aiki. Ya sauko Konni siriri, mai ƙarancin magana, tare da matarsa Saude, ya kama sana'ar da za a yi ta a zaune.

A 1986 wata farar mota ta tsaya gaban rumfar. Wani gajeren mutum mai tabarau ya fito, ya yi sallama da Hausa mai karyayyen wuya, sannan ya koma Faransancin da bai fi Hausar tasa ƙarfi ba. Sunansa Hirota, mutumin Japan, yana cikin masu haƙa rijiyoyin fanfo a ƙauyukan Illela. Hatimin aikinsu ya tsage, yana son wani. Ya zana abin da za a sa: layi ɗaya na Faransanci, a ƙasansa kuma wasu zane-zane guda huɗu masu kama da an watsa ƙaya a ƙasa.

"Wanga fa?" in ji Chindo.

"Rubutunmu ne. Za ka iya?"

"Ban san abin da shika cewa ba. Amma wuƙa ba ta karatu. In na gani, ina yi."

Da Hirota ya dawo karɓa, ya buga hatimin a bayan hannunsa, ya daɗe yana kallo, ya yi dariya har tabaransa ya zame. Zuwansa na gaba bai zo da aiki ba. Ya zo da wani abu a naɗe cikin ƙyalle shuɗi, ya goge teburin da hannun rigarsa, sannan ya kwance.

Littafi ne siriri, mara nauyi, mai laushi kamar tsohon zane. Daga dama ake buɗe shi, irin na littafin Larabci. An ɗinke gefensa da zare ta huji huɗu. A ciki akwai hotunan baƙi da fari: gadoji, masu ɗaukar kaya a sanda, mata da laima, tsaunuka, rubutu kuma yana gangarowa daga sama ta tsakanin hotunan. Chindo ya wanke hannu kafin ya taɓa. Ya kai fuskarsa kusa da wani shafi, ya bi layin da ya kewaye hoton da ido, ya ga inda layin ya katse, ya kuma ga wata siririyar tsaga ta ratsa rigar wani mutum ta wuce har cikin rubutun.

"Ba alƙalami ba ne," ya ce. "Sassaƙa ce. Icce anka sassaƙa, kuma iccen ya tsage nan."

Hirota ya gyaɗa kai da ƙarfi. Ya ce kowane shafi allon katako ne guda, an sassaƙa hoto da rubutu duka a juye, an shafa tawada, an ɗora takarda an murza da hannu. Littafin ya girmi kakansa. Tun yana ɗalibi yake tara irinsu, kuma uku daga ciki ba ya iya tafiya ko'ina ya bar su.

Daga ranar, duk sa'ad da Hirota ya shigo Konni sayen mai ko kayan inji, sai ya zauna a rumfar. Ya koya wa Chindo abin da mai tara littattafan nan ke dubawa. Takardar ninke take biyu, bugun a waje, cikin fari. In ka hura iska ta tsakani ka leƙa, za ka ga sawun murza a bayan takardar, abin da inji ba ya bari. In gashin kan mutum a hoto ya fito siri-siri, an buga tun allon na sabo. In ya dunƙule, allon ya tsufa, darajar littafin ta ragu. Jan tambarin da ke shafin farko na waɗanda suka taɓa mallaka ne. Hanyoyin da tsutsa ta ci ba abin kunya ba ne, amma littafin da ya rasa ko da warƙa ɗaya ya zama gurgu. Chindo ya sha yin kuskure. Sau da yawa yakan ce wannan shafi ya fi tsufa, Hirota ya nuna masa cewa datti ne kawai ya ruɗe shi.

Abu ɗaya Hirota bai koya masa ba, shi ne karatun. Ya ce shi kansa da ƙyar yake tsintar kalmomi, don rubutun mutanen da ne.

Cikin daminar 1988 ciwon shawara ya kwantar da Hirota. Motar da za ta kai shi Yamai ta tsaya a tasha, ya sa aka kira Chindo. Idanunsa sun yi rawaya. Ya miƙo ƙyallen nan shuɗi ta taga, littattafan nan uku a ciki.

"Asibiti ba wurin littafi ba ne. Riƙe mini. Zan dawo."

Bai dawo ba. Abokan aikinsa sun ce an wuce da shi gida, daga baya su ma aikinsu ya ƙare suka tafi.

Chindo ya sayi akwatin ƙarfe, ya shimfiɗa busasshen ganyen dogon yaro a ciki saboda ƙwari, ya ɗora akwatin bisa duwatsu saboda gara. Abin kuma ya shiga jininsa. Ya riƙa gaya wa direbobin Lome da Kwatano da masu sayen kayan Turawan da suka tashi daga Yamai cewa duk wanda ya ga littafi mai irin rubutun nan ya kawo masa. Suka yi ta kawo masa tarkace: littafin gyaran babur, kalandar kamfanin taya, mujallar da aka naɗe kwanuka da ita. Yakan hura ya leƙa, ya ce bugun inji ne, ya mayar. Cikin duk shekarun nan, littafi biyu kawai ya samu na gaskiya, ɗaya ma ruwa ya taɓa shi. 'Yan tasha suna yi masa dariya, suna kiransa malamin Japan. Ba wanda ya ɗauki abin da zafi.

Kowace shekara in damina ta ɗauke, yakan fito da littattafan ya baje su a tabarma cikin inuwar tsakar gida su sha iska. Haka ya yi a kakar 1993, wata safiya, sai aka aiko wani ɗan kasuwa na jiransa a rumfa. Ya ce wa Saude ta kula da kaji, ya fita.

Bayan fitarsa Mariyama ta shigo aron rariya. Matar maƙwabcinsu Sha'ibu ce, ɗan kabu-kabu mai haya da babur, tana da ciki na fari da ya fara nauyi. Saude na ɗaki tana neman rariyar, iska ta buɗe littafi na uku, Mariyama ta sunkuya ta duba. A shafin akwai wata mace tsaye cikin ruwa, gashi a kwance har ƙugu, fuska a rame, ba a ganin ƙafafunta, tana miƙo jariri kamar mai cewa a karɓa. Saude ta ji ƙara, ta fito ta tarar Mariyama ta dafe bango.

"Yaya Saude, wacece wagga? Kallona takai."

"Hoto ne, ƙanwata. Zauna ki sha ruwa."

Mariyama ba ta sha ba, ba ta kuma ɗauki rariyar ba. Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya rufe ta. Cikin zafin jiki ta riƙa cewa matar ruwa na tsaye a bakin ƙofa tana son musanya. Daga nan cikin ya zube.

Magana ta fara daga bakin rijiya ta isa tasha. Aka ce Chindo na da littafin iskoki. Aka ce da shi yake jawo masu sayen hatimi. Wani ya tuna cewa mai littafin haƙa rijiya yake yi, sai aka ce ai a ƙarƙashin ƙasa ya kamo su ya ɗaure a takarda. Mai taya, wanda suka yi shekaru suna cin tuwo kwano ɗaya, ya ce wa Chindo ya ɗan matsar da rumfarsa daga bangon. Mata suka daina shigowa wurin Saude. Chindo ya je gaida mara lafiya, uwar Sha'ibu ta tare shi a zaure ta ce an gode, ya koma.

Saude ta ce, "Malam, ka fitar da littattafan daga garin nan tun yau. Kai su Malbaza wurin Yaya Hindu."

"In na gudu da su, na amsa laifi ke nan."

"In ba ka gudu da su ba, mi za ka amsa?"

Bai fita da su ba.

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, ya ji ƙarar babura tun kafin ya gama cire babbar riga. Suka cika lungun, suka ƙi kashe inji. Da ya leƙo, Sha'ibu ne a gaba, idanu jajir, riƙe da galan ɗin fetur irin wanda ake sayarwa a bakin hanya. Bayansa abokan sana'arsa ne, bayansu kuma mutanen unguwa, har da yara bisa katanga.

"Fito muna da shi," in ji Sha'ibu. "Ko ka fito da shi, ko mu shiga."

"Sha'ibu, ka yi haƙuri da abin da Allah ya..."

"Kak ka kira mini Allah! Ɗana na cikin ƙasa, matata ba ta san inda take ba. Fito da shi!"

Wani ya jefa dutse ya sami kwanon ƙofa. Chindo ya ji Saude a bayansa ta sa sakata a ɗakin da yaransu suke. Gidan zana ne da kara ta gefe ɗaya, kuma gidajen lungun a manne suke. Ya kalli galan ɗin, ya ga ba a ma rufe bakinsa ba, fetur na zuba a ƙafar Sha'ibu.

Malam Bala, limamin unguwar, tsoho mai sanda, ya ratso taron da ƙyar. Ya sa aka kashe baburan. Ya ce a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a kawo abin da ake magana a kai kowa ya gani da rana tsaka. Chindo ya shiga ya ɗauko akwatin. Ya ajiye shi bisa tabarmar. Da ya ɗaga murfin, mutanen gaba suka ja da baya.

Liman ya zauna. Bai taɓa littafin ba, ya ce Chindo ya buɗe da kansa. Aka wuce gada, aka wuce masu shuka a cikin ruwa. Da aka iso matar, wata tsohuwa ta yi salati da ƙarfi.

"Chindo," in ji Malam Bala, "tsakaninka da Allah, mi rubutun ga ke cewa?"

"Allah gafarta Malam, ban sani ba."

Taron ya ɗauki guna-guni.

"Shekara nawa shina hannunka, ba ka san abin da ke ciki ba?"

"Abin da na sani, Malam, mutum ne ya yi shi da wuƙa, kamar yadda nika yin hatimi. Ga inda wuƙar ta zame mishi, nan wajen yatsan jaririn. Ga inda iccen ya cinye. Ba wannan kaɗai anka buga ba, an buga ɗaruruwa an sayar a kasuwa. Wanga ma ba na farko ba ne, allon ya gaji kafin a zo kanshi."

"Wa ya tambaye ka icce?" Sha'ibu ya daka tsawa. "Malam, ka ji shi ko? Bai san abin da ya aje ba, ya baje shi inda mata ke wucewa!"

Wannan maganar ta shiga Chindo, don gaskiya ce. Ya sunkuyar da kai.

Liman ya shafa gemu. Sannan ya ce rai da ciki duka na Allah ne, takarda ba ta kashewa ba ta rayawa, wanda ya ce tana yi ya binciki imaninsa. Ya ce kuma abin ajiya ne, mai shi bai nan, ba ya halatta a ƙona dukiyar wanda bai ba da izini ba. Amma ya ce tsoro ma ciwo ne, yarinya na kwance, kuma ba za a zauna unguwa ɗaya da abin da ke hana mutane barci ba.

Ba wanda hukuncin ya gamsar. Sha'ibu ya matso, ya karkata galan ɗin bisa akwatin. Ɗigo biyu suka sauka a murfin. Wani daga baya ya riga ya fito da ashana.

"Dakata," in ji Chindo.

Ya zaro ƙaramar wuƙarsa daga aljihu. Waɗanda ke kusa suka yi tsalle, suna zaton Sha'ibu zai kai wa. Shi kuwa ya juya littafin, ya sa bakin wuƙar ƙarƙashin zaren ɗinkin, ya yanke. Zaren da aka ɗaura tun kafin a haifi kakan kowa a wurin ya saki. Ya ɗaga bangon littafin, ya bi warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya har ya iso ta matar, ya zare ta ba tare da ta yage ba. Ya miƙa wa Sha'ibu da hannu biyu.

"Ita matarka ta gani. Sauran gadoji ne da manoma, Malam ya gani. Ga ta, ka yi abin da zai sanyaya maka rai. Ni zan amsa wa mai ita. Sauran kuma ba za su kwana Konni ba."

Sha'ibu ya tsaya da takardar a hannu, kamar bai zaci za ta yi rashin nauyi haka ba. Ya kalli liman. Liman ya kau da kai. Sai ya ajiye galan, ya je tsakiyar lungu, ya karɓi ashanar. Takardar ta kama nan take, ba hayaƙi sosai, tokar ta tashi ta bi iska. Mutane suka jira ko wani abu zai faru. Ba abin da ya faru. A hankali aka fara tayar da babura.

Kafin la'asar Chindo na bayan wata motar siminti da ke komawa Malbaza ba kaya, akwatin a cinyarsa. Yayarsa Hindu ta karɓa ta tura ƙarƙashin gado, ba ta tambayi komai ba sai ko ya ci abinci.

Saude ce ta lallaɓa ta bayan gida ta sami uwar Sha'ibu, ta yi ta roƙo har aka yarda aka kai Mariyama asibiti. Aka ce zazzaɓin sauro ne mai tsanani. Ta warke, bayan shekara biyu ta haifi ɗiya. Wasu suka ce allura ce ta yi aiki, wasu suka ce ƙona takardar ce. Sha'ibu bai ƙara gaida Chindo ba, Mariyama kuma ba ta ƙara taka gidan ba. Masu sayen hatimi suka ragu na wani lokaci, sannan suka dawo, don ba wanda ya kai shi hannu a garin. Ya daina tambayar direbobi littafi. In damina ta wuce yakan hau mota zuwa Malbaza, ya rufe ƙofar ɗakin Hindu, ya shanya su shi kaɗai. Littafin da ya kwance ya sake ɗinke shi da farin zare ta hujin nan huɗu na asali, ya bar zaren fari da gangan don kowa ya gane an taɓa.

A 1998 ya ji labarin wata 'yar Japan da ke aikin awon jarirai a Illela, wadda wa'adinta ya kusa ƙarewa. Ya ɗauko akwatin ya je ya same ta ranar kasuwa, tana zaune gindin bishiya da ma'auni rataye a reshe. Ta fi Hirota jin Hausa nesa ba kusa ba. Ya jira har matan suka watse, sannan ya ba ta labarin tun daga farko, bai rage komai ba. Ta buɗe littattafan a hankali. Ta ce ba ta san Hirota ba, masu wannan suna suna da yawa a ƙasarsu, amma ta san inda za ta tambayi waɗanda suka yi aikin rijiya a Nijar.

"In kin same shi," in ji Chindo, "ki ce na uku ya rasa warƙa ɗaya, ni na cire da hannuna, ba tsutsa ba ce. In kuma ya rasu, ki ba 'ya'yanshi, ki faɗa musu haka nan."

"Baba, ka yarda da ni? Yau ka fara ganina."

"Idona ya fara hazo. In na mutu, wanda zai buɗe akwatin nan ko ya ƙona su ko ya ƙunsa ƙosai da su."

Ta naɗe ukun ta sa a jakarta. Biyun da ya samo da kansa ya mayar cikin akwati. Ta ce ya tsaya ya ci abinci, ya ce motar Konni ba ta jira, kuma akwai hatimin ƙungiyar masu albasa da ya yi alkawarin gamawa kafin Juma'a. Ya ɗora akwatin a kai ya nufi bakin hanya, yana tsayawa lokaci-lokaci yana tari.